Yaro ya kai aji 6 bai iya karatu ba: malami ne kaɗai mai laifi?

Malamin_Aji4
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ce bari in kawo ta zauren nan. Duk inda aka zauna, a majalisa ne ko a rediyo, da an ambaci lalacewar makarantun gwamnati sai ka ji an ce malamai ne: ba su iya ba, ba sa zuwa, albashi kawai suka sani. Ni malamin firamare ne a cikin birnin nan na Kano. Yaran ajina sun haura 100. Benci bai ishi rabinsu ba, sauran a ƙasa suke, wasu a bakin ƙofa, wasu sun ɗare taga. Darasi minti 35 ne, kafin a samu a yi shiru an ci wani abu daga ciki. In na ba da aikin aji, littattafan da ake jibgewa a teburina ba za su dubu ba kafin a tashi. Alhali manufar ilimi ta ƙasa cewa ta yi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. To yaron da ya fito daga irin wannan aji ya kai aji 6 bai iya haɗa baƙi da wasali ba, adalci ne a ce ni kaɗai na cuce shi? Ba ina kare malalaci ba ne. Iyayen da ke nan su faɗi abin da suke gani, malamai ma su faɗi.

UmmanSadiq
Wa alaikumus salam Malam. Na gode da ka ce iyaye su yi magana. 'Yata tana aji 5. Kwanaki aka kawo mana katin biki, hannuna duk ƙullu, na ce ta karanta mini ranar ɗaurin auren. Yarinyar nan ta riƙe katin tana jujjuya shi, idonta ya ciko da hawaye. Da Hausa fa aka rubuta shi. Littattafanta kuwa cike suke da rubutu tsaf, ashe kwafa kawai take yi daga allo, ba ta san me take rubutawa ba. Washegari na ɗauki mayafi na je makarantar. Ajinsu babu malami, monita ne a tsaye da tsumagiya yana rubuta sunan masu surutu, malamai suna can gindin bishiya ana hira. Na yarda yara sun yi yawa. Amma Malam, yawan yara ne ya hana a shiga ajin?

DanKwari_77
Hajiya kin gama magana. Ni a Kantin Kwari nake, ina da maƙwabta malamai da 11 na safe take yi musu a bakin shago. Mutum ya sa hannu a rajista ya sulale, ƙarshen wata alat ya shigo. Wannan kuɗin halal ne?

Malama_Gwale
@DanKwari_77 Alhaji, wanda ya sa hannu ya gudu ya ci amana, babu mai ja da kai a nan. Amma ka tambayi abin da ya kai shi bakin shagon. Mafi ƙarancin albashi a Kano naira 71,000 ne tun ƙarshen 2024, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin adaidaita sahu ya hau bai sauko ba. Wata abokiyar aikina daga Sheka take zuwa, sai ta canza adaidaita a zuwa, ta canza a dawowa. Cire wannan, cire abin da banki ke zara na bashin da ta ci ta biya haya, cire adashi. Kafin tsakiyar wata hannunta wayam. Yawancinmu muna da wata sana'ar: ɗinki, zoɓo da kunun aya, lesin da yamma, maza wasu suna jan adaidaita bayan an tashi. Wadda ta raba dare a kan keken ɗinki ba za ta tsaya gaban yara 100 da ƙarfin da ake so ba. Ga kuma maganar ƙarin girma, takarda ta fito amma kuɗin ya daɗe bai biyo ta ba.

DanKwari_77
Malama, kowa yana cikin matsin nan. Yaron shagona bai kai 71 ɗin ba, amma bai isa ya ja ƙofa ya tafi ba, don ina zaune ina kallonsa. Ku wa yake kallonku?

Baba_Hedimasta
Assalamu alaikum 'ya'yana. Ni na yi ritaya tuni, amma tambayar nan ta Alhaji ta sa ba zan iya yin shiru ba, domin ita ce tambayar.

Mu takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu muka yi a kwalejin horon malamai. A can ba darasi kawai ake koya maka ba, aikin kansa ake koya maka: yadda za ka tsaya a gefen allo kada ka tare wa yara, yadda za ka rubuta shirin darasi, yadda za ka ɗauki yaro daga ba, be, bi, bo, bu har ya karanta jimla. Sufeto kuwa ba ya aiko da sanarwa. Sai dai ka ga mutum ya shigo ya zauna a bayan aji, ya jawo littafin yaro ya duba ko an yi masa maki, ya ta da wani ya ce karanta mini nan. In yaron ya kasa, kai da hedimastanka za ku yi bayani.

Abin ya fara sauyawa a 1976 da aka kawo shirin ilimin firamare ga kowa, UPE. Niyya ce mai kyau, yara suka kwararo, amma malamai ba su isa ba, aka shiga horon gaggawa. A 1991 kuma aka miƙa albashin malaman firamare ga ƙananan hukumomi. Waɗanda suka ga wannan zamani sun san watannin da aka yi babu albashi, har sai da aka dawo da hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1993. Gwanaye da yawa a lokacin suka bar aikin, waɗanda suka tsaya suka koyi neman abinci a waje. Abin da Malama_Gwale take faɗa yana da tushe mai tsawo. Daga baya aka daina horon namu, aka ce NCE, wato takardar kwalejin ilimi, ce mafi ƙarancin shaidar malanta. Ba na raina NCE. Amma da yawan masu ita darussan sakandare suka karanta, Tarihi ne, Tattalin Arziki ne, ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake koya wa ɗan shekara 6 karatu.

Ga abin da nake so ku riƙe. Karatu a aji 1 zuwa 3 ake samunsa. Amma me ake yi? Sabon malami ko mai rauni shi ake turawa aji 1, wai ai ƙananan yara ne, gwani kuma a ajiye shi aji 6 saboda jarrabawar shiga sakandare. Sannan babu maimaita aji, ƙarshen shekara kowa ya wuce. To Malamin_Aji4 gādo ya ci. An miƙo masa yaran da ba su iya karatu ba, an ba shi manhajar da ta ɗauka sun iya. Laifinsa zai fara ne daga ranar da ya gane haka ya ci gaba da cika allo da rubutu.

Abban_Walid
Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana Baba. Wannan bayani ya isa a karanta shi a taron PTA.

Malamin_Aji4
Allah ya saka da alheri Baba. Maganarka ta ƙarshe mai nauyi ce. Sai dai masu zuwa duba mu yanzu ba sa ta da yaro ya yi karatu. Rajista suke dubawa da kundin shirin darasi, su ga ko na kai inda manhaja ta ce in kai a wannan mako. In na ajiye manhajar na koma ba, be, bi da 'yan aji 4, a takarda ni ne na gaza.

@UmmanSadiq Hajiya, ba ni da amsar da zan kare malaman gindin bishiya. Abin da kika gani ba daidai ba ne.

Sayyadi_Koki
Akwai abin da nake son a duba. Yaron nan da ake cewa daƙiƙi ne a boko, shi ne da yamma yake zuwa Islamiyya ya karanta Alƙur'ani da tajwidi, ya haddace hadisai, har ya karanta Larabci. Ƙwaƙwalwar dai ɗaya ce. Me ya bambanta? A Islamiyya kowane yaro sai ya biya karatu a gaban malami, kuma ba a ƙara masa sai ya iya na jiya. Uba kuma yana tambaya, izu nawa ka kai? In yaro ya yi fashi a aiko gida, uwa ta tashi tsaye. Amma a boko uba nawa ne ya san sunan malamin ajin ɗansa? Wasu ko ajin da yaron yake ba su sani ba.

UmmanSadiq
Sayyadi gaskiya ka faɗa. Ita 'yar tawa a Islamiyya ba ta wuce na uku.

Injiniya_Tarauni
Ni a ganina Hausar da ake yi musu a aji ce matsalar. Jarrabawa da Turanci take zuwa, malami kuma daga safe har a tashi Hausa yake yi. A tilasta Turanci tun daga aji 1 kamar yadda makarantun kuɗi suke yi.

Malama_Gwale
Injiniya, katin da 'yar Hajiya ta kasa karantawa da Hausa aka rubuta shi. Yaron da bai iya karanta harshen da yake mafarki da shi ba, ta yaya zai karanta wanda bai taɓa ji a gida ba? Rubutun Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, yaro in ya samu mai koya masa cikin 'yan watanni yake kamawa. In ya gane cewa baƙi da wasali sauti suke bayarwa, Turancin ma ya fi zuwa masa da sauƙi. Har zuwa 2025, manufar ilimi cewa take yi a fara da harshen da yaro ya tashi da shi a shekarun farko na firamare. Abin da ke faruwa a ajujuwa da yawa shi ne ba Hausar aka koyar ba, ba Turancin ba: a rubuta Turanci a allo, a fassara da baki, yara su kwafa.

Injiniya_Tarauni
To na ji, amma ni dai nawa suna makarantar kuɗi kuma suna karatu.

Anti_Nursery
Injiniya, ni a makarantar kuɗi nake koyarwa, bari in gaya maka abin da ba a faɗa wa iyaye. Akwai masu kyau ƙwarai, amma irin na cikin unguwa da aka mai da gidan haya makaranta, albashinmu bai kai rabin na gwamnati ba. Hutu ya zo, babu ko sisi. Babu fansho, babu giratuti. Kuma ba ka isa ka kayar da yaro ba, mai makaranta zai ce ka gyara makin kada uban ya cire shi. Abin da ya sa yaranku suke karatu bai wuce biyu ba: ajin yara 25 ne ko 30, sannan ku da kuka biya kuɗi kuna buɗe jakar yaro da daddare. Ba don mun fi malaman gwamnati ilimi ba ne, tare muka yi kwalejin ilimi ta Sa'adatu Rimi da yawancinsu.

Matashi_Fagge
A yi abin da aka yi a Kaduna kawai. A 2017 gwamnatin El-Rufai ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji 4, sama da 21,000 suka faɗi, aka sallame su aka ɗauki sababbi. Ga matasa nan da digiri suna zaune.

Malam_Kurna
@Matashi_Fagge ƙanina, ba na tsoron jarrabawa, a kawo ta gobe. Akwai waɗanda aka cusa aikin nan da takardar ɗan siyasa, ba za su iya rubuta wasiƙa ba, mu ma sun dame mu don mu ake zagi saboda su. Amma ka tuna a Kadunan sai da ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018, kuma a 2022 aka sake sallamar sama da 2,000 bayan wata jarrabawar. Kora kaɗai ba ta gama magana. Ka kori malami a ajin yara 100, ka kawo mai digiri, yaran dai 100 ne. Kuma mai digirin da samun wani aikin zai tafi.

Ni abin da ya fi ci mini rai ma daban ne. Malami ba shi da mutunci yanzu a idon yaro, don uban yaron ya zubar da shi. Wani yaro a ajinmu ya zo da aska a aljihu, abokin aikina ya ƙwace ya yi masa bulala. Kafin a tashi sai ga uban da wasu samari, a gaban ɗalibai ya ci kwalar malamin. Da ƙyar mai unguwa ya kashe wutar. Tun daga ranar duk abin da yaro zai yi sai dai a kau da kai. Wa zai sayi rigima da 'yan daba a kan albashin nan?

Yar_Dorayi
Abin da uban nan ya yi ba daidai ba ne ko kaɗan. Amma Malam a yi adalci, akwai dukan da ba tarbiyya ba ne. Ni a firamare malamin lissafinmu duk wanda ya faɗi tambaya sai dorina a tafin hannu. Har na gama sakandare in aka ce lissafi gabana faɗuwa yake. Yaron da yake makyarkyata ba ya fahimtar komai. Wanda ya zo da aska daban, wanda bai gane darasi ba daban.

Baba_Hedimasta
'Yata kin yi gaskiya. Ban taɓa yarda malami ya daki yaro don bai gane ba, kuma ban yarda ya yi hukunci yana cikin fushi ba. Laifi babba ofishina ake kawo shi, a kira uba, a yi a gabansa. Uban da aka kira tun farko ba ya zuwa da samari.

Jar_Hula_Dala
Ni dai a yaba wa wanda ya yi. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, ilimi yana samun kusan kashi 30 cikin 100 na kasafin kuɗi, ana gyara ajujuwa, an ɗauki dubban malaman wucin gadi na shirin BESDA aiki na dindindin. Ɓarnar shekaru ba ta gyaruwa a kwana ɗaya.

Sabo_Gandu
To wa ya kawo ilimi kyauta kuma dole a 2019? Ba Ganduje ba ne? A riƙa faɗin gaskiya duka.

Admin_Zaure
Jama'a don Allah. Zauren nan ba na jam'iyya ba ne. A koma kan tambayar Malam.

Malama_Hotoro
Bari in dawo da mu ƙasa. Ilimi kyauta alheri ne, na ga yaran da da ba za su taɓa shiga aji ba sun shigo. Amma da aka daina karɓar 'yan kuɗin da iyaye ke bayarwa, ƙananan buƙatu suka rasa mai ɗauka. Alli, tsintsiya, kwaɗon ƙofa, rajista, gyaran famfo. Hedimastanmu daga aljihunsa yake sayen alli, wani lokaci mu yi karo-karo.

Makarantarmu kuma katangar ta zube ta baya. Da yamma filin 'yan ƙwallo ne, da dare na 'yan shaye-shaye. Da safe in muka buɗe aji abin da muke tararwa ba ya faɗuwa: kwalaben maganin tari, guntayen sigari, wani lokaci har bayan gida a tsakiyar aji. Darasin farko a shara da wanke ƙasa yake tafiya, kuma 'yan mata ake sawa. An ɓalle tagogi an sayar, an kwance ƙofofi. Maigadi ɗaya ne, dattijo, me zai yi da samari goma? Kuma waɗannan samarin ba daga wata duniya suka zo ba, 'ya'yan unguwar ne, ƙannensu ne suke zama a ajin. Banɗaki kuwa babu mai shiguwa. Yarinya in ta fara girma, duk wata sai ta yi fashin kwanaki, wata daga nan ta daina zuwa gaba ɗaya.

Abban_Walid
Innalillahi. Malama, ina kwamitin SBMC, na al'umma mai kula da makarantar? Ai don irin wannan aka kafa shi, mai unguwa da liman da iyaye duk suna ciki.

Malama_Hotoro
Yana nan a takarda Alhaji. In aka kira taro mata ne suke zuwa, su ma kaɗan. Mazan sai ranar da aka ce za a raba wani abu.

DanKwari_77
Wannan kam laifinmu ne mu mazan unguwa, ba na musu. Amma har yanzu ba a amsa mini ba. Wa yake hukunta malamin da ba ya shiga aji? Hedimasta yana ganinsa.

Malam_Kurna
Yana ganinsa Alhaji. Ya rubuta shi, washegari a bugo waya daga sama a ce a bar shi, ɗan wane ne, ko matar wane ce. Wani hedimastan ma shi za a ɗauke a jefa wani wuri. Irin wannan ne ya sa za ka ga wata makaranta a tsakiyar gari malamai sun yi yawa har suna raba darasi ɗaya, amma ka je bakin gari, wajen Bachirawa, Rimin Kebe, ko sababbin unguwannin Kumbotso da Ungogo, inda jama'a ke ƙaruwa kullum, ka tarar da malami ɗaya yana zagaya aji uku. Kowa yana son kusa da gida, mai uwa a gindin murhu shi yake samu.

Hajjo_Mai_Awara
Ni ban yi boko mai nisa ba amma ina da abin faɗa. Kullum ana zaginmu a kan talla. 'Yata tana zuwa makaranta, amma in an fita tara takan dawo ta ɗauki awara, don da cinikin nan ake cefanen dare. Mahaifinsu ya rasu. Ba don ba na son karatunta ba ne. Da zan ga tana karanta mini ko saƙon waya ne, wallahi da na ƙara ƙuntata wa kaina na bar ta har a tashi. Amma shekara da shekaru tana zuwa, ni ce nake kai wa maƙwabta su karanta mini. To me zan ce na samu?

Malamin_Aji4
Hajiya Allah ya jiƙan maigidan, ya raya marayu. Maganarki ta fi duk abin da aka faɗa a nan taɓa ni. Bayan tara ajina yakan ragu sosai, yawanci mata, kuma mu a ofis talla muke zagi. Ga shi ke kina jiran ki ga karatu ne kafin ki saki tallar. Lokacin da ake ciyarwa a makaranta yara sun fi tsayawa har a tashi, wannan kowane malami zai shaida.

Malam_Sakandare
Ku na firamare kuna turo mana, mu kuma muna turawa gaba. Ɗan aji 1 na ƙaramar sakandare ya zo bai iya rubuta sunan unguwarsu ba, ni kuma an ce in koya masa kimiyya da Turanci. Haka zai lallaɓa har ya kai jarrabawar kwalifayin, wadda sai ya ci gwamnati take biya masa NECO. Daga nan sai satar amsa. Uban da bai taɓa zuwa makaranta ya tambayi karatun ɗansa ba, shi ne zai nemo kuɗi ya kai shi cibiyar da ake rubuta amsa a allo. Malamin da ya ƙi ba da haɗin kai a ce mugu ne, ba ya son ci gaban yara. Kuma kada a ce makarantar gwamnati ba ta iya yin kyau. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa tun 1977 suke, likitoci da injiniyoyin Kano da yawa can suka fito. Me aka yi musu? An tace ɗalibai da jarrabawa, an zaɓi malamai, an ba su kayan aiki, an sa ido. Ba wani sirri ba ne.

Injiniya_Tarauni
Amma waɗannan zaɓaɓɓu ne Malam. Maganar da ake yi ta miliyoyin da ba za a zaɓa ba ce.

Malama_Yakasai
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. @Malamin_Aji4 ga abin da muke yi a wajenmu, ko zai yi amfani. Farkon zango muka gwada yaran aji 4 zuwa 6 ɗaya bayan ɗaya da 'yar takarda: wannan bai san baƙi ba, wannan ya san baƙi bai iya haɗawa ba, wannan yana karanta kalma, wannan yana karanta labari. Sai muka ware awa ɗaya kullum da safe, a manta da aji, kowa ya tafi rukuninsa. Ɗan aji 6 da bai san baƙi ba ya zauna da ɗan aji 4 irinsa. Ba ma amfani da komai sai kwalin taliya da muka yayyanka muka rubuta baƙaƙe, da murafan lemo na lissafi, a tabarma ƙarƙashin bishiya. Waɗanda suka iya labari su muke ba ƙananan rukuni su riƙe. Ba mu muka ƙirƙiro ba, an gwada irinsa a Wudil da Dawakin Tofa a shirin koyar da karatu da lissafi na KaLMA, wata da ta samu horon ce ta nuna mana. Manyan yaran da farko kunya suke ji, wasu har fashi suka yi. Amma akwai wani yaro ɗan aji 6, dogo, kullum a bayan aji yake ba ya magana. Ranar da ya haɗa ka da za ya ce kaza da kansa, sai da ya waiga ya ga ko wani ya ji. Yanzu shi yake fara zuwa ya shimfiɗa tabarma. Ba duka suka tashi ba, masu fashi har yanzu suna inda suke.

UmmanSadiq
Malama don Allah ko a gida zan iya yi wa tawa haka? Ni na iya karatun Hausa.

Malama_Yakasai
Ƙwarai Hajiya. Ki fara da wasula biyar, sannan baƙi ɗaya ko biyu a rana, ki haɗa mata su da wasulan. Kalmomin gida za ki yi amfani da su, tuwo, miya, kofi, buta. Kada ki yi mata tsawa in ta kasa, kuma kada ki yi a gaban ƙannenta.

DanKwari_77
Wannan Malamar ta burge ni. Amma ku lura, da yara 100 ɗin da albashin nan ta yi abin da ta yi. Shi ya sa na ce uzurin ya yi yawa.

Malama_Gwale
Alhaji ba ita kaɗai ta yi ba, ka sake karantawa, "muka" take cewa. Sai malamai sun haɗa kai, sai hedimasta ya yarda a taɓa jadawalin darasi. @Malama_Yakasai tambayata ke nan, masu zuwa dubawa ba su ce kun bar manhaja ba? Abin da Malamin_Aji4 ya ce yana tsoro ke nan tun ɗazu.

Malama_Yakasai
Sun yi magana. Hedimastanmu ya kai su wajen tabarmar ya ce su ta da duk yaron da suka ga dama. Ɗaya ya gamsu, ɗayan ya ce duk da haka sai an samo izini a rubuce daga ofis. An rubuta takardar, muna jiran amsa, kuma ba mu daina ba.

Malamin_Aji4
Malama ki turo mini hoton takardar gwajin nan ta akwatin sirri, zan kai wa namu hedimastan ranar Litinin. Matsalata ɗaya, mu uku ne kawai a aji 4 zuwa 6, rukuni kuma huɗu kika ce. Na huɗun wa zai riƙe?